Amsar Baffa kan yadda za a rubuta sunan jaririya

Ɗana, barka da arziki. Allah ya raya ta, ya ƙara wa maijego lafiya.

Saƙonka ya iso. Ka ce ranar Laraba ne suna, kun tsayar da A'isha, sunan mahaifiyarka, amma kai da mai ɗakinka kuna so a riƙa rubuta shi "Ayeeshah" don ya fita daban da na sauran yara. Kana tambaya ko al'ada ko addini sun hana.

Ba su hana ba. A wurinmu da baki ake raɗa suna. Idan mako ya zagayo, da sassafe an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana raba goro da dabino, uba ko wakilinsa ya matsa kusa da liman ya faɗa masa sunan a hankali, liman ya yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Duk cikin wannan hidima babu wanda ke tambayar harafi nawa ne a sunan. Abin da addini ya sa wa ido shi ne ma'ana. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya sauya wa wata mai suna Asiya suna zuwa Jamila, domin nata Asiyar, da ainun da sadi, yana nufin mai saɓo. Asiya matar Fir'auna kuwa da hamza da sinun ake rubuta ta, suna ne mai albarka. A boko duk biyun rubutunsu ɗaya. Ka ga tun asali boko bai iya ɗaukar duk abin da ke cikin sunan Larabci, shi ya sa ba za a ce ga rubutu guda da ya zama wajibi ba.

To amma ban ba ka goyon baya a kan "Ayeeshah" ba, kuma dalilina na farko lafazi ne. Wannan "ee" ɗin dabara ce ta masu rubutun Turanci don nuna an ja wasalin i. A sunan A'isha kuwa jan yana kan a na farko, i ɗin gajere ne. Idan ka rubuta "Ayeeshah" ka ɗauke jan daga inda yake ka kai shi tsakiya, ka kuma cusa y da babu ita. Malamin makarantar da bai san gidanku ba abin da ya gani zai karanta, kuma abin da zai fito daga bakinsa ba sunan mahaifiyarka ba ne. Haka masu rubuta "Fateemah" suke yi wa Fatima, ita ma janta a farko yake. "Khadeejah" dai jan ya faɗa daidai. Amina kuma a Larabce suna biyu ne: mahaifiyar Manzon Allah janta a kan a na farko, wadda ake ja a tsakiya kuwa ma'anarta amintacciya. Wanda ya rubuta "Ameenah" da niyyar mahaifiyar Annabi, ɗaya sunan ya rubuta. Su "Phateemah" da "Xainab" da "Aeeshart" da kake gani a Facebook ba su da tushe a Larabci ko a Hausa. Wannan r ɗin ta "Aeeshart" babu inda ta fito, t ɗin ce kawai ke da asali, daga A'ishatu.

Kada ka haɗa wannan da yadda 'yan uwanmu na Nijar ke rubuta Aïchatou ko Ousmane. Su ƙa'idar Faransanci suke bi, wadda da ita ake yi musu takardu, kowane ma'aikaci a Maraɗi ko Damagaram ya san ta.

Dalili na biyu ya fi nauyi, shi ne takarda. A yau yaro sau biyu ake raɗa masa suna, ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a gaban magatakarda, kuma na biyun ne zai bi shi ofis-ofis. Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce tushe. Da ita ake yi wa yaro lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, a jingina ta da ta uba ko uwa. Tun 2021 JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN, kuma sunan da ke kan NIN shi take jawowa kai tsaye. Sunan da ke kan sakamakon WAEC ko NECO kuwa daga makarantar sakandare yake fitowa, wato daga hannun wanda ya shigar da sunayen ɗalibai a kwamfuta. Ranar tantancewa a jami'a za a ajiye takardun nan gefe da gefe. Daga baya banki zai gwada NIN da BVN (lambar tantance mai asusun banki), ofishin fasfo zai koma kan NIN, tikitin jirgi da bizar umara kuma sai sun dace da fasfo. Ka ƙirga hannaye nawa sunan zai ratsa kafin ta kai shekara 20. "Ayeeshah" harafi 8 ne, da wurare aƙalla uku da hannu ke zamewa: y ɗin, e biyun, da h ta ƙarshe. Magatakardan da layi ya cika masa gaba, ya ji an ce A'isha, abin da hannunsa ya saba shi zai buga. Kwamfuta kuwa ba ta san Aisha da Ayeeshah mutum ɗaya ba ne.

Gyara yana yiwuwa, sai dai da wahala. A je kotu a yi takardar rantsuwa, a buga sanarwa a jarida, a biya kuɗin gyara a kowace hukuma daban, a jira. Sau da yawa ba a gano saɓanin sai lokacin da ake gaggawa, ana gab da rufe rajista ko tafiya ta matso. Kuma ba kai za ka yi wannan zirga-zirgar ba, ita ce.

Ko da rubutunmu na Hausa akwai abin lura. A ƙa'ida A'isha ake rubutawa, da 'yar alamar nan a sama tsakanin A da i, kuma shi ne daidai a littafi da wasiƙa. Amma buɗe fasfonka ka dubi layi biyun da ke ƙasan shafin hoto, waɗanda na'ura ke karantawa. Kowane layi gurbi 44 ne, ba ya ɗaukar komai sai manyan haruffa daga A zuwa Z, da lambobi, da alamar <. Alamar sama faɗuwa take yi, A'ISHA ta koma AISHA. Wasu fom-fom na intanet ma ƙin karɓarta suke yi gaba ɗaya. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ma ba su shiga. Shi ya sa mai 'ya Ruƙayya dole ya zaɓi Rukayya ko Ruqayya tun ranar farko ya tsaya a kai, haka mai Abdulƙadir. A naku, shawarata a takarda a sa Aisha, harafi 5. Kowane magatakarda daga Sakkwato har Legas ya san shi, kuma ya riƙe lafazin gwargwadon abin da boko zai iya.

Ga yadda za ka yi. Kafin Laraba ku zauna da mai ɗakinka ku rubuta cikakken sunan a takarda da manyan haruffa: sunan yanka, na tsakiya idan akwai, da wanda zai zama sunan iyali. Wannan na ƙarshen yana rikita Hausawa fiye da komai, domin yau a sa sunan uba, gobe na kaka, jibi na gari. Zaɓi ɗaya, ka kuma kwafe shi harafi da harafi daga NIN ɗinka. Idan naka Muhammad ne, kada nata ya fito Mohammed, kada kuma a gajarta shi Moh'd. Bayan suna kada ka yi jinkiri, dokar rajistar haihuwa ta 1992 ta ba da kwana 60, kuma ana samun ma'aikatan hukumar a sakatariyar ƙaramar hukuma da manyan asibitoci. Kada ka faɗa da baki, miƙa takardar da ka rubuta. Idan an cike, tsaya nan a gaban tebur ka karanta kowane harafi, da ranar haihuwa, da jerin sunayen, kafin ka sa ƙafa waje. Katin rigakafi galibi da sunan uwa ake buɗe shi tunda a lokacin ba a yi suna ba, ka koma a sa nata da rubutun nan. Ranar sa ta a makaranta ka je da kwafin takardar haihuwa da kanka. Kada a aiki yayarta ko ɗan maƙwabta ya faɗi suna.

Sha'awarku ta a bambanta yarinyar ba laifi ba ce, kuma al'ada ta riga ta tanadar mata wuri. Tunda sunan mahaifiyarka ta ci, ai ba mai kiran ta A'isha a gidan nan. Kai ba za ka iya ba, mai ɗakinka balle, surukarta ce. Dole a yi alkunya: Ummi, Mama, Walida, ko laƙabin da ke tafiya da sunan, Humaira ko Siddiƙa, ko Indo irin ta mutanen da. A nan ku zaɓi wanda ya kwanta muku. A kan kalanda da kofunan da za a raba ranar suna ku yi adon da kuke so, waɗannan ba mai neman su a ofis.

Sai dai ka kula da alkunyar kanta, don ta fi sabon salon rubutu jawo rikicin takardu a gidajenmu. Yarinya ta tashi kowa na ce mata Ummi, a kai ta firamare a rubuta Ummi, alhali takardar haihuwa na cewa Aisha, ba kuma wanda zai lura sai an zo jarrabawar fita. Idan kuna son Humaira ya zauna a takarda, ku sa shi a gurbin sunan tsakiya tun ranar rajista, Aisha Humaira, ya tafi haka a ko'ina. Idan ba ku sa shi ranar ba, to ya tsaya a gida.

Ka sanar da mahaifiyarka da bakinka kafin ranar, kada ta ji daga sanƙira. In takardar ta fito ka turo mini hotonta in duba. A gaida maijego da masu zaman jego.