Ɗiyata za ta shiga babbar sakandare: ajin kimiyya ko na adabi?

Tambaya: Malam, ɗiyata ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, kuma burina ta zama likita, amma lissafi yana ba ta wuya, hankalinta kuwa ya fi karkata ga adabi da tarihi. Ko in sa ta ajin kimiyya duk da haka? Daga wani uba a Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Ajin da za ta shiga bana shi zai yanke darussan da za ta rubuta a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO nan da shekara 3, shi ne kuma zai yanke darussa 4 da za ta cike a jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, wadda ake yi a kan maki 400, Turanci kuma dole ne ga kowa. Mai neman likitanci zai haɗa Turanci da fizis da kemistiri da bayoloji. Mai neman zama lauya kuwa, adabin Turanci ake nema a wajensa tare da darussa irin su gwamnati ko ilmin addini.

Za ka lura cewa babu lissafi a haɗin likitanci, kuma nan ne iyaye da dama suke ruɗuwa. Jami'a za ta nemi kiredit a lissafi a takardar sakandare, wato daga A1 zuwa C6, sannan fizis da kemistiri cike suke da ƙididdiga, ta yadda yarinyar da ba ta iya sarrafa aljabara ba za ta fara shan wahala tun zangon farko.

Saboda haka ka ɗauko sakamakonta na shekaru ukun nan, ba na zango guda ba, ka zauna da malamin lissafinta ka tambaye shi ko rauninta na rashin tushe ne ko na rashin sha'awa. Rashin tushe yana gyaruwa da darasin yamma a hutun nan, in dai ita ma tana so. Rashin sha'awa kuwa, a ganina, tilas ba ta maganinsa. Ka kuma leƙa makarantar da kanka ka ga ko akwai ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki da malamin fizis tsayayye, domin darussan kimiyya suna da jarrabawar gwaji a aikace.

Idan sakamakon ya tsaya a tsaka-tsaki, ku fara da kimiyya bisa sharaɗin sake dubawa a ƙarshen zango na biyu, domin komawa adabi daga kimiyya ya fi sauƙi a kan akasin haka. Sai dai kada a bari ta shiga aji biyu ba a yanke shawara ba, saboda adabin Turanci yana da zaɓaɓɓun littattafai da za ta karanta tun daga farko.