Makarantun ƙasa da ƙasa a Kaduna: amsa ga iyaye kafin su biya kuɗin zango

Tun da makarantu suka fara sayar da fom na sabuwar shekarar karatu, tambayoyin da ke shigowa wannan fili suka karkata kan makarantun kuɗi masu bin manhajar ƙasashen waje. Na zaɓo huɗu daga cikin garin Kaduna, na taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana aji shida na firamare. Mun je duba wata makaranta ta ƙasa da ƙasa, tun daga bakin ƙofa hotunan ɗalibai ne riƙe da kofuna, ga jerin jami'o'in Ingila da Kanada da suka ce yaransu sun shiga. Maigidana ya ce can za a kai ta ko da fili za a sayar. Ni kuwa gabana faɗuwa yake, domin akwai ƙannenta biyu a baya. Yaya zan gane ko makarantar ta ci kuɗinta? (Wata uwa, Unguwar Rimi)

Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaran da kika gani a hoto sun yi ƙoƙari, Allah ya ƙara musu basira. Sai dai labarin yara biyar ko goma hotunan suka ba ki, ba su ce komai ba kan sauran 'yan ajin. Ko makarantar da rufinta ke yoyo ba ta rasa haziƙi guda da zai ci jarrabawa duk inda aka ajiye shi. Abin da za ki biya wa kuɗi shi ne yadda makaranta ke yi da yaron da ke tsaka-tsaki, wanda ba ya ɗaga hannu a aji, wanda lissafi ke ba shi wuya, a ranar da babu baƙi kuma babu mai ɗaukar hoto.

Ki koma ki nemi ganin shugabar makarantar, ki ce a nuna miki sakamakon WAEC ko NECO na ajin gaba ɗaya na shekara uku a jere, ko da an rufe sunaye. Ɗalibai nawa suka zauna, nawa suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi? Ki ƙara da wannan: su nawa ne lokacin da suke SS1, su nawa suka kai ga jarrabawar? Akwai makarantun da ke sallamar masu rauni kafin SS3, ko su tura su yin rajista a wata cibiya, don allon sakamako ya yi kyau. Makarantar da ta yarda da aikinta ba ta jin nauyin waɗannan tambayoyi.

Kofunan ma ki tambayi asalinsu. Gasar lissafi ta Cowbellpedia, ko gasannin kimiyya da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ke shiryawa, ko musabaƙar Alƙur'ani da ake farowa daga ƙaramar hukuma a haura jiha har ƙasa, duk yaro ne ke zama ya fafata da sa'o'insa. Lambar yabon da aka miƙa wa mai makaranta a ɗakin taron otal kuwa ba ta gaya miki komai game da karatun 'yarki.

Sannan gani ya kori ji. Kada ki je ranar da suka ware wa iyaye, an yi fenti an jera furanni. Ki je Talata ko Laraba da hantsi, ki roƙi a bar ki ki leƙa aji. Ki ɗauki littafin rubutun yaron da ke zaune a baya, ki buɗe shafukan makon da ya wuce. Akwai kwanan wata a saman kowane aiki? Jan biron malami ya tsaya a kan kuskure ya gyara, ko alamar "na gani" kawai ya ja ya wuce? Yaron ya sake aikin da ya faɗi? A ɗakin gwaje-gwaje ki shafa yatsa a kan kwalabe. In ƙura ta kama miki, kin san ado ne. Ki leƙa banɗakin 'yan mata ki murɗa famfo. Ki tambayi malamin Lissafi shekararsa nawa a wurin, domin inda malamai ke sauyawa kowane zango, galibi albashi ne ba ya zuwa kan lokaci, kuma yara ne ke kwana a ciki. Ki tambaya ko malaman suna da rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista a Najeriya.

Takardu biyu kuma kada ki ji kunyar nema: shaidar amincewar Hukumar Tabbatar da Ingancin Makarantu ta Jihar Kaduna, da lambar cibiya in sun ce suna shirya jarrabawar Cambridge. Allon bakin titi kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a kai, lambar cibiya kuwa ana iya bin diddiginta.

Batun sayar da fili, da girmamawa ga Alhaji, ban goyi baya ba. Daga JSS1 zuwa SS3 zango 18 ne, in aka haɗa da ƙannenta biyu ya zama 54, ban da yunifom da littattafai da motar makaranta da abinci. Kowa ya ga yadda kuɗin makarantu ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin farashin naira a watan da ya biyo baya. Ki nemi takardar kuɗinsu ta shekara uku da suka wuce ki ga yadda suke ƙari. Kuɗin fili zai riƙe ku 'yan zanguna ya ƙare, kuma cire yarinya daga cikin ƙawayenta a tsakiyar karatu saboda bashi yana yi mata ciwon da ba ta mantawa. Ku zaɓi makarantar da abin da ke shigo muku duk wata zai iya ɗauka har ƙarshe, ga dukkan yaran uku.

Tambaya: Ɗana yana SS2. Makarantarsu ta aiko mana takarda cewa duk mai so ya biya kuɗin IGCSE ban da na WAEC, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Burinsa likitanci, ni kuma ABU nake hango masa. In biya? (Wani ma'aikaci, Barnawa)

Malam, in dai Zariya ce alƙiblar, IGCSE ba ta zama dole ba. Hanyar shiga ABU ko KASU ko Bayero sananniya ce: kiredit biyar a WAEC ko NECO, sai jarrabawar JAMB mai darasi huɗu da maki 400, sai tantancewar jami'a, kuma yaro ya cika shekara 16. Mai neman likitanci Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji zai rubuta a JAMB, kuma masu neman gurbin sun ninka guraben nesa ba kusa ba. Duk naira da lokacin da za su ƙara masa maki a nan sun fi amfani gare shi.

IGCSE ta hukumar jarrabawa ta Cambridge ce, ana zama sau biyu a shekara, Mayu zuwa Yuni da Oktoba zuwa Nuwamba, ana biya darasi-darasi, kuma kuɗin na bin farashin fam. Matakinta ɗaya da WAEC. Wannan ne iyaye da yawa ba a yi musu bayani: ita kaɗai ba ta kai yaro ajin farko na digiri a yawancin jami'o'in Ingila. Sai ya ƙara shekara biyu na A Level, ko difilomar IB mai maki 45, ko shekarar share fage. Jami'o'i da dama a can suna karɓar sakamakon WAEC don shiga shekarar share fagen, wasu ma suna karɓar kiredit ɗin Turanci na WAEC a madadin IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci. A gida kuma, in shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ake so, shirin IJMB da ABU ke kula da shi yana buɗe wannan ƙofa da kuɗin da bai kama ƙafar na A Level ba.

Ba na ce IGCSE ba ta da amfani ba. Tambayoyinta suna tilasta yaro ya yi bayanin dalili, ya karanta jadawali, ya tsara gwaji, hadda kaɗai ba ta fitar da shi. In aljihu zai ɗauka ba tare da rance ba, ka zaɓar masa darussan da yake buƙata kawai, ya zauna a zaman Oktoba don kada ya yi karo da WAEC. Kafin ka biya ka tambaya: malaman da za su koyar sun taɓa kai ɗalibai wannan jarrabawa? Tun yaushe aka fara koyar da manhajar? Manhajar shekara biyu ce. In wata uku kafin jarrabawa za a fara lesin, ka riƙe kuɗinka.

Tambaya: Ni ke ɗauke da nauyin yarana tun rasuwar mahaifinsu. Kusan kowane mako sai an aiko saƙo a zauren WhatsApp na iyaye: kuɗin ranar al'adu, kuɗin rigar gasar wasanni, kuɗin bikin yaye 'yan nazare. Yanzu an fito da tafiya Dubai, babbar 'yata tana ta kuka wai ƙawayenta duk za su. (Wata uwa, Malali)

Allah ya jiƙan maigida, ya ba ki ladan riƙon marayu, 'yar'uwa. Tafiyar nan kada ki ci bashi dominta. Kwana biyar na kallon dogayen gine-gine da kantuna ba ya ƙara wa yarinya maki ko ɗaya, kuma zan iya ce miki ba duka ƙawayen za su je ba. Wasu iyayen shiru kawai suka yi a zauren. Ki zaunar da ita ki faɗa mata gaskiya, har da lissafin: wannan kuɗi shi ne na zangonta mai zuwa. 'Yar sakandare tana fahimta in aka ɗauke ta a matsayin mai hankali. Abin da ya fi kukan ciwo shi ne a yi mata alkawarin da ba za a cika ba.

A sauran bukukuwan, ki dubi abu guda: yaron zai yi wani abu da kansa, ko sutura kawai za a saya masa ya tsaya a hoto? Muhawara, kacici-kacici, baje kolin kimiyya, wasan kwaikwayo, tseren gida-gida, waɗannan su ne inda yaro mai kunya ke fara buɗe baki a gaban jama'a, kuma sun cancanci ɗan abin da za a kashe. Na ga yarinyar da muryarta ke rawa a farkon muhawara, tana murza gefen hijabinta, kafin minti uku su cika ta ajiye takardar tana kallon alƙalai ido da ido. Wannan ba a sayensa a kanti. Rigar yaye ɗan shekara biyar kuwa ki ara wurin maƙwabta ko ki bar ta. Ranar al'adu ma zanen saƙi ko atamfar da ke cikin akwatinki ta wadatar.

Ki kai maganar taron iyaye da malamai, ki nemi a riƙa raba jadawalin bukukuwan shekara da kuɗinsu tun makon farko, a kuma rubuta wanne ne tilas wanne ne ganin dama. Ki ba da shawarar ziyara ta kusa: Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da yanzu yake cibiyar tarihi ta ABU, da gidan adana kayan tarihi na titin Ali Akilu inda yara za su ga sassaken Nok na jiharsu, da fadar Zazzau. Bayan sace ɗaliban da aka yi a Afaka a 2021 da Kuriga a 2024, kowace fita daga gari sai makaranta ta faɗi hanyar da za a bi, da masu rakiya, da lokacin dawowa kafin magariba. Wannan haƙƙinki ne ki tambaya.

Tambaya: Jikokina suna fita tun ƙarfe shida da rabi, ba sa dawowa sai bayan la'asar a gajiye, Islamiyya ta gagara. In na yi musu magana da Hausa sai su amsa da Turanci. An ce ma ana cin tarar wanda ya yi Hausa a makarantar. Iyayensu na ganin ci gaba ne. Ni ce ban waye ba? (Wata kaka, Tudun Wada)

Ranki ya daɗe, Hajiya Kaka, ke ce kika ga abin da ke gaban kowa. Wannan ya dame ni ƙwarai. Yaro na iya riƙe harshe biyu da uku lafiya lau, yaran Kaduna da yawa haka suka tashi. Cin tarar yaro don ya yi harshen uwarsa ba ya gyara masa Turanci, kunyar gidansu kawai yake koya masa. Makarantar da ke shirya ranar al'adu sau ɗaya a shekara, sauran kwanakin tana hukunta mai Hausa, ya kamata iyaye su tambaye ta dalili a rubuce.

Ki kira ɗanki da matarsa ki yi musu magana cikin lalama, ba a gaban yaran ba. Abu uku za ki roƙa. A gida a yi Hausa, ko da yaran sun amsa da Turanci a ci gaba da yi musu, kunne na riƙewa kafin baki ya saki. A nema musu Islamiyyar Asabar da Lahadi, ko malamin da zai zo gida bayan magariba ko da sau uku ne a mako, in makarantar ba ta da sashen hadda da karatun addini na gaske. Sannan a duba nisan hanya: yaron da ke cinye awa guda a cunkoson Kasuwa ko Kawo safe da yamma, barcinsa da karatunsa ake ci, kuma makaranta mai kyau da ke kusa da gida ta fi masa wadda ta fi suna a wancan ƙarshen gari.

In babbansu ya kusa SS1, iyayen su tambaya ko makarantar tana da malamin Hausa. Darasi ne da ake rubutawa a WAEC da NECO har da JAMB, kuma in iyaye biyar ko shida suka haɗu suka nema tun kafin a rufe zaɓen darussa, da wuya makarantar kuɗi ta ƙi ɗauko malami.