Na sayi injin bofin: wane folish zan fara da shi, kuma yaushe ake shafa waks?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry baƙa, ƙirar 2012, 'yar Kwatano. Wata biyu da suka wuce na kai ta aka yi mata bofin, ta fito tana sheƙi kamar sabuwa. Amma wanki biyu kacal aka yi, sai ga siraran layuka kamar saƙar gizo-gizo sun dawo, har da wata inuwa mai lanƙwasa da ke bin mutum idan rana ta haska bonet. Yanzu na sayi injin kaina, irin mai juyawa yana karkarwa, da kwalaben folish biyu na kamfanin Meguiar's, M105 da M205, da gwangwanin Turtle Wax. Da wanne zan fara? Kuma waks ɗin zai iya goge kwarzanen? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Bari in fara da tambayarka ta biyu, domin a kanta ne yawancin masu mota ke asarar fentinsu. Waks ba ya goge kwarzane. Aikinsa ya kwanta a kan fenti ya kare shi, kamar yadda man shafawa ke kare fata lokacin hunturu. Folish shi ne mai gyara, kuma gyaransa ta hanyar ci ne: akwai ɓurɓushi mai kaifi a cikinsa da ke kankare saman fentin har sai wurin ya yi daidai da ƙasan kwarzanen. Ke nan duk bofin da aka yi wa mota, an rage mata wani abu da ba zai dawo ba.

Ka san yawan abin da kake da shi kafin ka fara ragewa. Fentin motar zamani hawa uku ne: shimfiɗar ƙasa da ke kama ƙarfe, sai launi, sai kiliya, wato ruwan nan marar launi da ke ba da ƙyalli. Dukkansu a haɗe, a motar da ba a sake wa fenti ba, kaurinsu yakan kama daga maikuron 100 zuwa 180 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), kiliya kuma ita kaɗai wajen 35 zuwa 50. Fallen takardar A4 da ake buga wasiƙa a kai maikuron 100 ne ko kusa da haka. To, a kan abin da bai kai rabin fallen takarda ba za ka ɗora inji. A cikin kiliyar nan kuma sinadarin da ke tare zafin hasken rana yake. Idan ta yi siriri da yawa, za ta fara yin fari-fari tana ɓarewa a rufi da bonet, kamar yadda kake gani a tsofaffin motoci da yawa a titi, daga nan kuwa sai mai fenti.

Abin da ya sami motarka ba baƙo ba ne. Inuwar nan mai bin ka sawun injin da ke juyawa kai tsaye ne, wanda aka ɗora wa soson ulu da folish mai kaushi, ba a bi bayansa da mai laushi ba. Sheƙin da ka gani ranar farko kuwa man da ke cikin folish ne ya cike ramukan. Rufa-rufa aka yi, sabulu ya wanke man, gaskiya ta fito. Ina jin takaicin irin wannan aiki ƙwarai, domin an ci kiliyar, kuma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Injin da ka saya shi ya dace da mai koyo. Saboda yana juyawa yana kuma karkarwa, zafi ba ya taruwa wuri guda, idan ka danna da yawa ma juyawar takan tsaya. Wani gargaɗi a nan, ga duk wanda zai karanta: kada a ɗaura soso a kan girandar yankan ƙarfe. Ita tana gudun juyi dubu goma zuwa sha ɗaya a minti, injin bofin mai juyawa kai tsaye kuwa tsakanin 1,000 da 1,800 ake aiki da shi. An taɓa kawo mini mota da aka yi wa haka, gefen fenda ya ƙone har farar shimfiɗar ƙasa ta bayyana.

Kafin inji ya taɓa mota, wanke ta tas, ka shanya, ka shigar da ita inuwa, ka bari ƙarfen ya huce. Shafa bayan hannunka a kan bonet. In ka ji ƙurji-ƙurji kamar tsakuwa, datti ne da ya kafe, sai an bi shi da yumɓun goge fenti da ruwan sabulu mai santsi, in ba haka ba soso zai kwashe shi ya yi ta jan sa a kan motar. Rufe baƙaƙen robobi da tambari da bakin ƙofofi da tef ɗin masu fenti. Sannan gwada manyan kwarzanen da farce: wanda farce ya maƙale a cikinsa ya yi zurfi, kada ka bi shi, ka dai sassauta bakinsa ya rage fitowa. Tunda 'yar Kwatano ce, ka kuma dubi kowane ɓangare da kyau, domin da yawansu an taɓa yi musu gyaran jiki. Ƙofar da aka sake wa fenti ba lallai ta amsa folish kamar sauran jikin ba. In kana da wanda ke da na'urar auna kaurin fenti, ara: inda ta nuna sama da 300, an sake fesawa ko akwai fila, wato abin da ake cike lotsewa da shi, a ƙasa.

Yanzu ga zaɓin folish. M105 mai kaushi ne, na cire lahani mai ɗan zurfi. M205 mai laushi ne, na fito da ƙyalli. Hankali zai ce maka ka fara da mai ƙarfi ka gama da mai laushi, kuma haka jerin yake idan ana buƙatar duka biyun. Amma ba ka san ko kana buƙatar mai ƙarfin ba sai ka gwada. Saboda haka ware fili ɗan murabba'i a kan bonet, kamar santimita 40 kowane gefe, ka fara da M205 a kan soso mai matsakaicin laushi. Goge, ka haska wurin da tocilan ɗin waya ko ka fitar da motar rana. In layukan sun tafi ko sun ragu yadda ranka ya kwanta, shi ke nan, da wannan za ka yi dukkan motar, M105 ya zauna a kwalbarsa. Ina kyautata zaton haka za ta kasance, domin kiliyar motocin Japan irin su Toyota da Honda takan fi ta motocin Jamus laushi, sawun ulu kuma ba shi da zurfi. In bai isa ba, canza soso zuwa mai tauri kafin ka canza folish. Sai wannan ma ya gaza za ka ɗauko M105, kuma a wuraren da suka buƙata kawai, sannan dole ka bi bayansa da M205, domin a baƙin fenti yakan bar hazo. Kada launin soso ya ruɗe ka. Kowane kamfani da nasa tsarin launi, karanta abin da aka rubuta a ledar.

Yadda ake riƙe injin ya fi sunan kwalbar tasiri. Ɗiga folish sau uku ko huɗu a kan soso, kowane ɗigo kamar ƙwayar wake. Dangwala shi a filin da za ka yi, ka ɗora soson a kan fenti kafin ka kunna, in ba haka ba zai fantsama ko'ina. Baza shi da lambar gudu ta 1 ko 2 da ke jikin injin, sannan ka ɗaga zuwa 4 ko 5. Tafi a hankali, kamar santimita biyu zuwa uku a daƙiƙa, daga hagu zuwa dama, kowane layi ya hau rabin na baya, sannan daga sama zuwa ƙasa. Zagaye huɗu zuwa shida ya isa. Soson ya kwanta shimfiɗe, kada ka karkata shi. Ja layi da alƙalamin maka a bayan farantin da ke riƙe soson: muddin kana ganin layin yana zagayawa, aiki na tafiya, in ya tsaya yana rawa wuri guda, ka danna da yawa. Masu koyo kusan duka hannunsu sauri yake yi, sai su ga babu canji, su zargi folish ɗin, su koma ga mai kaushi. Sannu ba ta hana zuwa.

A yanayinmu M105 yana saurin bushewa yana ƙura, don haka ka rage faɗin filin, ka yi aikin da sassafe. Bayan kowane fili biyu, share fuskar soson da buroshi ko tawul, domin abin da ya taru a kai kiliyar motarka ce haɗe da busasshen folish, kuma shi ma yana kwarzana. A kan ƙusurwa da layin da ƙarfe ya lanƙwasa fenti ya fi siriri, bamba kuma roba ce, ba ta sakin zafi kamar ƙarfe. Wuce su da sauri, hannu a sake.

Kafin waks, akwai matakin da zai hana ka yaudarar kanka. Haɗa sifirit ɗin isofurofil (isopropyl alcohol) kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu ko biyar, fesa kaɗan, ka goge da tawul mai laushi irin na maikurofaiba. Zai ɗauke man folish ya nuna maka ainihin fuskar fentin. Abin da ka gani bayan wannan shi ne aikinka na gaskiya, kuma waks ya fi kama fenti marar maiƙo.

Waks iri biyu ne a kasuwa. Akwai na kanauba, kakin da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil. Yana ba baƙar mota ƙyalli mai zurfi, amma yana narkewa a wajen digiri 82 zuwa 86, baƙin bonet kuwa a ranar watan Afrilu yakan haura 70. Bai narke ba, amma ya yi laushi, makonni kaɗan ya tafi. Na biyu shi ne na haɗin sinadari, wanda ake kira silant; yakan yi wata huɗu zuwa shida. Ga motar da ke yini a rana, shi nake zaɓa ba tare da wani kokwanto ba. Duba gwangwaninka ka ga wanne ne, domin Turtle Wax suna yin duka. In an rubuta cewa yana tsaftacewa yana kuma karewa, akwai ɗan abin ci a cikinsa, kada ka danna shi a kan fentin da ka gama gyarawa.

Shafa shi siriri ƙwarai, da soso mafi laushi a gudu na 2 ko 3, ko da hannu. Abin da ya taɓa fenti kaɗai ke zama, ragowar wahalar gogewa ce. Bari ya yi hazo, ka ja yatsa a kai: in wurin ya fito tas, goge, in ya yi jirwaye, ƙara jira. In akwai ɓangaren da aka fesa wa sabon fenti, bar shi wata ɗaya zuwa uku babu waks, sinadarin cikinsa ya gama fita.

Saura abu guda, wanda in ka bar shi, nan da hunturu mai zuwa saƙar gizo-gizon za ta dawo. Ƙurar da iska ke ɗebo mana daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, akwai ɓurɓushin yashi a cikinta da ya fi kiliya tauri. Duk safiyar da aka goge motar da busasshen tsumma, samfefa aka bi ta da shi. A fara kwarara mata ruwa, a wanke da sabulun mota, a ajiye bokiti na biyu don ɗauraye soso, kuma a daina sa omo, domin yana cinye waks. Ranar da ka ga ruwa ya daina dunƙulewa a kan bonet yana shimfiɗewa, wanke ta ka sake shafa waks kawai, ba sai ka ɗauko folish ba.