Ayurveda da Tsoron Fita daga Gida

Kin tambaya ko Ayurveda, maganin gargajiyar Indiya, zai raba ki da fargaba da tsoron fita daga gida. Zai iya rage fargabar, amma shi kaɗai ba ya kawar da tsoron. Masanansa suna danganta fargaba da hauhawar abin da suke kira vata, shi ya sa suke ba da saiwar ashwagandha da tausa da man riɗi mai ɗumi.

Ƙanwata ta samu barci da waɗannan, amma tsoron bai sake ta ba sai da ta riƙa fita kaɗan-kaɗan bisa jagorancin likitan ƙwaƙwalwa, yau bakin zaure, gobe ƙarshen layi. Idan kina da juna biyu ko ciwon hanta, ki guji ashwagandha.