Bar sabar ta yi aikin a cikin gida

Yarona, ka tambaye ni yadda za ka yi idan mutum ya rubuta adireshin shafinka kawai, 'yar manhajar da ka ajiye a cgi-bin, foldar da ake ajiye manhajojin da sabar ke kunnawa, ta tarbe shi maimakon index.html, fayil ɗin shafin farko da aka saba. Ka ce ka sa layin meta refresh, wanda ke umartar burauza ta wuce wani adireshi, yana aiki, sai dai farin shafi kan gifta tukuna.

Cire wannan layin. Abin da ka yi shi ne ka bar baƙo ya iso bakin ƙofa, sannan ka ce masa ya zagaya ta baya. Tafiya biyu burauza ke yi, wannan farin da kake gani kuwa shi ne tazarar da ke tsakaninsu.

Tunda sabar Apache kake amfani da ita, buɗe .htaccess, fayil ɗin da ake rubuta wa sabar umarni a cikinsa, ka rubuta:

DirectoryIndex /cgi-bin/gida.cgi

Sabar da kanta za ta kunna manhajar ta miƙa sakamakon, adireshin da ke saman burauza ko motsi ba zai yi ba. Amma ka kula, wannan umarnin yana gangarawa har cikin ƙananan foldoji. Idan shafin farko kaɗai kake nufi, maimakonsa rubuta layin RewriteEngine On, ka bi shi da:

RewriteRule ^$ /cgi-bin/gida.cgi

Alamar ^$ na nufin adireshin da babu komai a bayansa.

Akwai ramin da na taɓa faɗawa, ba na so ka faɗa. Kada ka rubuta Redirect / /cgi-bin/gida.cgi. Wannan umarnin farkon adireshi yake dubawa, kuma kowane adireshi da / yake farawa, har da na manhajar kanta. Sai sabar ta yi ta tura baƙo yana dawowa, har burauza ta gaji ta ce turawar ta yi yawa. Rabin dare na kwashe a kan layi ɗaya tak.

In ma dole ce ta sa ka tura mutane wani adireshi, fara gwadawa da lambar 302, wato turawar wucin gadi. Burauza tana riƙe 301, wato turawar dindindin, a ƙwaƙwalwarta, ko ka gyara kuskuren za ta ci gaba da bin tsohuwar hanya.

Idan kuma ka ga kuskure mai lamba 500, kada hankalinka ya tashi. Duba ko izinin fayil ɗin manhajar 755 ne, wato an yarda a kunna ta, ka tabbata manhajar tana fara fitar da layin Content-Type, mai bayyana nau'in abin da ake aikawa, da layi ɗaya fanko a bayansa. In ya ƙi, buɗe rajistar kurakuran sabar, ka turo min layin ƙarshe mu duba tare.