Zauren Tambaya da Amsa: Shin da gaske an yi wani sarki Dirakula?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim. Samarin garinmu da ke zuwa gidan kallo sun dage cewa a ƙasar Turai an taɓa yin wani sarki maye mai suna Dirakula, wanda yake shan jinin mutane. Shin an yi shi da gaske, kuma ɗan wane gida ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. An yi mutumin, amma shan jinin ƙagaggen labari ne. Wani marubuci ɗan ƙasar Ailan, Bram Stoker, shi ya ari sunan ya laƙaba wa mayen littafinsa a 1897, alhali bai taɓa taka ƙasar Romaniya ba.

Sarkin na gaskiya sunansa Vlad na Uku, an haife shi wajajen 1431, ya kuma mulki Walakiya, wadda ke kudancin Romaniya ta yau. Kakansa Mircea Babba ya yi sarauta daga 1386 zuwa 1418. Mahaifinsa, Vlad na Biyu, ya shiga wata ƙungiyar mayaƙan Kirista mai tambarin dodo, aka riƙa ce masa Dracul, wato dodo, ɗan kuma ya gaji laƙabin, ya zama Dirakula. Gidan nasu ya rabu biyu, zuriyar Mircea da ta ɗan'uwansa Dan, kuma da yake ba a kafa dokar cewa babban ɗa ne magaji ba, kowane ɗan sarki yana ganin kansa a kan gado. A ganina, wannan gaba ta cikin gida ita ce mabuɗin rayuwarsa baki ɗaya, domin ƙasar ƙarama ce da ta matse tsakanin Hangari da Daular Usmaniyya ta Turkawa, kuma duk ɗan sarkin da ya rasa sarauta sai ya ruga wajen ɗaya daga cikinsu ya aro mayaƙa.

Vlad yana yaro mahaifinsa ya bar shi tare da ƙanensa Radu a hannun Sultan Muradu na Biyu a matsayin jingina, don tabbatar da mubaya'a. A 1447 aka kashe uban, manyan masu sarautar birnin Targoviste kuma suka binne wan Vlad, shi ma mai suna Mircea, da ransa, sarauta ta koma ɗaya ɗakin. Vlad ya hau gado na ɗan lokaci a 1448 da taimakon Turkawa, aka kore shi, bai dawo ba sai 1456. A mulkinsa na shekara shida ne ya yi suna da tsire mutane a kan gungume, ya fara da masu sarautar da yake zargi da jinin ubansa da wansa, ya haɗa da fataken Jamusawa na Brasov da suke ɓoye abokan hamayyarsa. Ya daina kai wa Sultan haraji, ya tsallaka kogin Danub da yaƙi, kuma a wasiƙar da ya aika wa sarkin Hangari a 1462 ya yi alfahari da kashe mutum 23,884, maza da mata, manya da yara. Har yau Romaniyawa da yawa suna kallonsa a matsayin gwarzon da ya tsare ƙasarsa, amma ni ban ga uzurin da zai wanke wanda ya ƙirga gawar talakawa da hannunsa yana tinƙaho ba.

A 1462 Sultan Muhammadu Alfatih, wanda ya ci Kustantiniyya a 1453, ya taso masa da kansa, kuma a cikin rundunar akwai Radu, ƙanen da suka yi zaman jingina tare. Vlad ya kai wa sansanin Sultan hari cikin dare bai same shi ba, daga baya manyan ƙasa suka koma bayan Radu. Vlad ya gudu neman agajin sarkin Hangari, Matthias Corvinus, shi kuwa ya tsare shi fiye da shekara goma. Don ka kwatanta zamanin, Malam, yana tsare ne Muhammadu Rumfa ya hau gadon Kano a 1463. A wannan tsakani labaran ta'asarsa suka bazu cikin harshen Jamusanci, da injin buga littafi ya yaɗu kuma aka riƙa buga su da zane-zane, masu bugawa suna ƙara gishiri don su sami kasuwa.

Bayan an sake shi ya auri Justina Szilagyi, 'yar'uwar sarkin da ya ɗaure shi, ya sake hawa gado a ƙarshen 1476, aka kashe shi a fagen fama kafin ya cika wata uku. Ɗansa Mihnea ya sami sarautar a 1508, masu sarauta suka kore shi, aka kuma soke shi har lahira a birnin Sibiu a 1510.