Akwai abin nazari a zama uba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina ajin ƙarshe a sashen ilimin halayyar ɗan Adam, kuma hankalina ya karkata ga nazarin maza da yadda suke riƙon 'ya'yansu. Abokaina sun ce ɓata lokaci ne, wai reno na uwa ne. Akwai wanda ya bi wannan hanya ya ci riba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da abokanka ke faɗa, manyan masana ma sun daɗe a kansa. John Bowlby, wanda ya kafa nazarin shaƙuwar jariri da mai renonsa, uwa ya fi sa wa ido.

Michael Lamb na cikin waɗanda suka sauya wannan. A 1975, yana ɗalibi a Jami'ar Yale ta Amurka, ya wallafa maƙala yana cewa an manta da uba a nazarin girman yaro. Ba wa'azi ya yi ba. Gidajen mutane ya riƙa shiga ya zauna, yana rubuta wurin wanda jariri ke rarrafawa, da wanda yake miƙa wa hannu. Ya ga tun yaro na wata bakwai zuwa takwas yake shaƙuwa da uwa da uba duka, sai dai in ya firgita uwa ya fi nema. Daga baya ya yi shekara 17 yana jagorantar sashen bincike a cibiyar lafiyar yara ta gwamnatin Amurka, a 2004 kuma ya koma Jami'ar Cambridge ta Ingila a matsayin farfesa. Kotuna kan nemi ra'ayinsa a shari'ar riƙon yara.

Shi da wani masani mai suna Joseph Pleck da abokan aikinsu sun raba rawar uba uku: hulɗa kai tsaye, kasancewa inda yaro zai same shi, da ɗaukar nauyi, wato wa ke tuna ranar rigakafi, wa ke lura takalmi ya matse.

Ga inda nake so ka tsaya da kyau. Yawancin binciken nan a Amurka da Turai aka yi shi, a gidan miji ɗaya, mata ɗaya. Kai kuwa ka san uban da ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane saboda alkunya, amma ranar da yaron ya kwana da zazzaɓi, shi ma bai runtsa ba. Mai ƙirga mintunan ɗauka da wasa zai rubuta cewa wannan uba ba ruwansa da ɗansa, kuma ya yi kuskure babba. Haka batun mai mata uku, da baffan da ke riƙon marayun ɗan'uwansa. Wanda ya tashi a ciki shi ya fi cancanta ya auna su.

Aiki dai akasari a jami'a yake, sai ƙungiyoyin kula da lafiyar uwa da yara, kuma ba makawa sai ka yi digiri na biyu da na digirgir. Ka riƙe darasin ƙididdiga da hannu biyu. Don aikinka na kammalawa, nemi magidanta goma a unguwarku ka zauna da su a zaure bayan la'asar, ka bar su su yi magana.